Yadda ake shirya ɗan gajeren hutu a ƙasar waje da ƙananan yara, daga Maraɗi

Da zarar an kusa rufe makarantu sai tambayar nan ta dawo: muna son fita da yara wata ƙasa, kwana 4 ko mako 1, ta ina za mu fara? Yawancin masu tambayar sun riga sun fara ta baya. An tambayi kuɗin mota, an yi wa yara alkawari, har tela ya karɓi ɗinki, sai daga baya a tuna autan gidan ko takardar haihuwa ba shi da ita. Don haka ga yadda abin ke bin juna: wuri, takardu, allura, kuɗi, sannan tikiti. A kowane mataki kuma ƙaramin cikin yaran za ku duba, shi ne madugu. Abin da ɗan wata 10 ba zai iya ɗauka ba, a cire shi daga tsarin ko da ya yi wa manya daɗi.

1. Ku tsayar da wuri da lokaci

Mutumin Maraɗi yana da hanya biyu. Ta kusa ita ce Najeriya: Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, ta Ɗan Isa da Jibiya, Kano kuma wajen kilomita 170 ce gaba da Katsina. Harshe ɗaya, abinci kusan ɗaya, agogo ɗaya, kuma da wuya a rasa dangi. Ta nesa ita ce ta jirgi: Lome, Abijan, Dakar da makamantansu. Amma kafin ku ga jirgin sai kun ci fiye da kilomita 650 zuwa Yamai, yini guda cur a mota. Idan hutun kwana 5 ne, zuwa da dawowa Yamai kaɗai sun cinye 2. A ganina, wanda bai taɓa fita da yara ba ya fara da Katsina ko Kano. Tafiyar jirgi kuwa, in ba ku da aƙalla kwana 8 ku bar ta sai wata shekara.

Wuri ɗaya za ku zaɓa. Masu cewa za su kwana Katsina, su leƙa rijiyar Kusugu a Daura, su wuce Kano, su ɗan taɓa Zariya duk a mako guda, yara ba abin da za su tuna sai bayan kujerar direba.

Lokaci kuma: babban hutu daga Yuli zuwa Satumba ya faɗo cikin damina, lokacin sauro da lalacewar hanya. Hutun ƙarshen Disamba ya fi sauƙi ga tafiyar mota, sai dai ƙura da sanyin asuba, musamman ga yaro mai ciwon ƙirji. Hutun ƙarshen Maris zafi ya riga ya kankama.

Hattara: gadar iyakar Nijar da Benin da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta daɗe a rufe tun rikicin 2023, har mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Kada ku tsara zuwa Kwatano ta mota sai kun ji daga bakin wanda ya bi hanyar a makon nan, kuma kada ku sa ƙananan yara cikin kwalekwale don yawon hutu.

2. Takardu, wata 2 ko 3 kafin tafiya

Nan ne tafiye-tafiye da yawa ke mutuwa, don haka zan daɗe a kai. Ku shimfiɗa tabarma, ku fito da takardun kowa, ku jera su mutum-mutum har jariri.

Na farko takardar haihuwa. Wanda aka yi wa rajista a kan lokaci, a meri za a fitar masa da kofi. Wanda lokaci ya wuce ba a yi masa ba, sai an bi ta kotu an samo takardar da ke maye gurbinta, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Da takardar haihuwa ake neman ta shaidar zama ɗan ƙasa, da su biyun ake neman fasfo. Ba a tsallake ɗaya a kama ta gaba.

Idan jirgi za ku hau, kowane yaro sai da fasfonsa na kansa, ko da kwanansa 40 a duniya. Na manya kuma ku duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da kamfanonin jirage da yawa suna son ya rage masa aƙalla wata 6. Kuɗin fasfo da takardun da ake haɗawa suna canzawa, ku je komisariya da ƙafarku ku tambaya. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ya fi dogara da mai cewa ya san wani a Yamai.

Akwai tambayar da kowa ke yi tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, kuma ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ba biza har sai an sake sanarwa. Tunda magana ce ta "sai an sake sanarwa", ku tabbatar a makon tafiyarku cewa ba a sake ba. Gaskiya ne kullum mutane na ƙetara Ɗan Isa da katin ɗan ƙasa kawai. Amma ɗan kasuwar da direbobi da jami'ai suka san fuskarsa daban, magidanci mai ɗauke da yara 4 har cikin Kano daban.

Sai takardar izinin iyaye. Idan uwargida ce za ta tafi da yara maigida ya tsaya, ko kaka, ko gwaggo, a rubuta takarda da sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa, inda za a je da ranar dawowa, uban ya sa hannu, a buga mata hatimi a meri ko komisariya, a haɗa da kofin katinsa da lambar wayarsa. Ranar tafiyar kuma wayar ta kasance a kunne.

Hattara: ƙanwar uwargida ko ƴar riƙo da za ku ɗauka don ta taya raino, in ba ta kai shekara 18 ba ita ma yarinya ce a idon hukuma. Sunan ubanta ba naku ba ne, kuma jami'an iyaka suna sa ido sosai kan safarar yara. Takardar izinin iyayenta ta fi ta kowa muhimmanci.

Daga ƙarshe ku yi wa komai kofi 2, ku ɗauki hotonsu a wayar maigida da ta uwargida. Na asali su zauna cikin jaka ɗaya ƙarama mai zip, a jikin mutum ɗaya, ba cikin akwatin da za a ɗaure saman mota ba.

3. Likita, aƙalla mako 3 kafin tafiya

Ku ɗauki katin rigakafin yara ku je CSI, wato asibitin unguwarku, ku gaya wa majo ƙasar da za ku da ranar tashi. Abin da ake tambaya a iyaka da filin jirgi shi ne katin allurar shawara, wanda ake kira katin rawaya. Ana yin allurar daga wata 9, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Yaran da aka bi musu rigakafi daidai an riga an yi musu ita tare da ta ƙyanda, amma rubutun da ke cikin katin awo ba shi ne katin tafiya ba, ku tambayi majo inda ake fitar da na tafiyar. Masu niyyar umara su ƙara da allurar sanƙarau, Saudiyya na nemanta.

Hattara: kada ku sayi katin da aka cike ba a yi allurar ba. Zai iya wuce shinge, amma sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba hatimi.

Idan tafiyar ta damina ce, ku tuna da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata. Ku tambayi ranar zagaye na gaba don kada ya same ku a hanya. Mai juna biyu ta sa a duba ta. Kamfanonin jirage da yawa suna neman takardar likita bayan mako 28, kuma galibi ba sa ɗauka bayan mako 36.

4. Kuɗi

Kada ku fara da tambayar nawa tafiyar za ta ci. Ku fara da nawa za ku iya kashewa ba tare da kun taɓa kuɗin shiga makaranta na Oktoba da na hatsi ba. A ce jika 300 ne. Ku cire jika 60 tun farko ku naɗe su daban, waɗannan na asibiti ne ko na kwanan da ba a shirya ba. Ku cire kuɗin dawowa, shi ma daban. Ku yanke wa tsaraba iyaka, ku rubuta sunayen waɗanda za a saya wa, domin tsaraba ce ke cinye kuɗin otal. Abin da ya rage ku raba shi da yawan kwanaki. In abin da ya fito bai isa masauki da abinci da abin hawa na yini ba, kwanaki za ku rage, ba ajiyar asibiti za ku taɓa ba.

A Togo, Benin, Kodebuwa da Senegal sefa ɗinmu ce ke yawo, ba ruwanku da canji. Ta Kamaru da Cadi kuwa takardarta daban ce ko da darajar ɗaya. Na Najeriya, ku canza abin da zai kai ku ya kuma ci da ku kwana 2 a nan gida wurin ɗan canjin da kuka sani, sauran ku canza a can kaɗan-kaɗan, tunda naira ba ta zama wuri ɗaya. A Kano, Wapa da ke Fagge ita ce matattarar ƴan canji, amma ku je da ɗan gari, ba da yara ba. Ku nemi ƙananan takardu da yawa. Sannan a can ciniki da yawa ta waya ake biya, don haka yana da kyau a samu ɗan'uwa amintacce mai asusun banki da zai riƙa tura muku kuna ba shi a hannu.

Kuɗin kada su taru a aljihu ɗaya. Rabi wurin maigida, rabi wurin uwargida.

5. Tikiti da masauki

Sai yanzu, da takardu a hannu, ake biyan tikiti.

A jirgi, yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, kuma galibi wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa. Daga shekara 2 zuwa 11 yana da kujerarsa, yawanci da ɗan ragi. Ku lura da wanda zai cika shekara 2 kuna can, a dawowa sai an saya masa kujera. Daga filin jirgin Diori Hamani akwai ASKY zuwa Lome da Air Côte d'Ivoire zuwa Abijan. Ga wasu wuraren, kamar Saudiyya ko Masar, ku gwada tambayar farashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba. Sai dai wanda zai tashi daga can dole fasfonsa ya samu hatimin shiga Najeriya a iyaka.

Hattara: sunan da ke kan tikiti ya zama harafi da harafi irin na fasfo. Idan fasfo ya ce Aïchatou kada mai sayar da tikiti ya rubuta Aisha, idan ya ce Mahamadou kada ya zama Muhammad. Ku karanta da idonku kafin ku miƙa kuɗi, gyara daga baya biya ake yi.

A bas ɗin Yamai ku saya wa duk yaron da ya wuce goyo kujera. Jika goma da ɗoriya da za ku tsira da su ba su kai wahalar riƙe ɗan shekara 4 a cinya daga nan har Doso ba. Ku iso Yamai kwana 1 kafin ranar jirgi. Zuwa Katsina ko Kano, idan da hali ku ɗauki shatar mota ko ku sayi layin baya gaba ɗaya, wurin direban da ya saba hanyar. Mai tafiya da motarsa ya haɗa parmi da kar giris, ya tambayi kamfanin asuransa takardar da ke aiki a ƙetare, ya kuma karɓi takardar shigar mota wurin kwastan a iyaka.

Masauki: sauka gidan dangi ya fi araha, kuma ƙin sauka ma abin magana ne. Amma ku sanar tun da wuri, ku faɗi yawanku da ranar komawarku, ku riƙo musu abin hannu, ku sa hannu a cefane. In otal ne, tambayoyi 4 ta waya kafin ku biya: wuta tana kwana? Akwai ruwa a banɗaki? Tagogi na da raga? Akwai asibiti kusa? Ɗaki a ƙasa ya fi bene ga mai rarrafe.

6. Haɗa kaya

Akwati ɗaya na kowa, jaka ɗaya ta hannu. Jakar hannun ita ce tafiyar: pampas na yini 2, kayan canji kala 2 na kowane yaro da ɗaya na uwa, zani na daban, leda mai yawa saboda amai, sabulu, ruwan gora, biskit, dabino, ƙuli-ƙuli ga masu haƙori. Fura kada ta wuce ta safiyar nan, zafin mota na juya ta. Garin kunu da yaro ya saba sha ku tafi da shi daga gida.

Magani: farasitamol na ruwa da cokalin awonsa, ma'aunin zafi, SRO (garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa) da zinc saboda zawo, da duk maganin da yaro ke sha kullum tare da takardar likitansa. Ƙunshin SRO ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar. Ku ɗauki gidan sauronku da ƴar igiya. Idan Najeriya za ku, ramin caji na can mai baki 3 ne, ku sayi mahaɗi. A jirgi ruwa da man shafawa a jakar hannu ba sa wuce mililita 100 kowace kwalba, amma ana barin madarar jariri.

Hattara: kada ku ba yaro maganin mura ko wani siro don ya yi barci a hanya, ko da wata ta ce ita haka take yi.

Sai maganar saƙo. Da an ji za ku Kano, maƙwabciya za ta shigo da ƙulli: "Hajiya, don Allah ga ɗan saƙo ki miƙa wa ƙanwata a Kurna." Amsar ita ce: "To Yaya, kwance mu gani tare, kin san halin iyaka, za su tambaye ni abin da ke ciki." Wanda ya ji haushin wannan, saƙonsa ya jira wani. Abin da aka samu cikin kayanku naku ne a wurin duwan, wato kwastan.

7. Ranar tafiya da ƙetare iyaka

Hanyar Jibiya zuwa Katsina da yankin Madarumfa sun sha fama da ƴan bindiga. Da dare kafin tafiya ku kira direban tasha da kuma wanda za ku sauka wurinsa ku ji labarin hanya. In an ce a dakata, ku dakata. Ku tashi bayan gari ya waye, ku tsara isa masauki kafin la'asar, ba tafiyar magariba, ba ta dare. Kada kilomita ta ruɗe ku, shingayen bincike suna da yawa, tafiyar da ido ke gani ta awa 2 tana iya cin rabin yini.

A bi ta ƙofar hukuma, Ɗan Isa a ɓangarenmu, Magama a nasu. Ƴan kabu-kabu za su ce za su zagaya da ku ta daji cikin minti kaɗan. Ban da haɗarin, wanda ya shiga ba a rubuta shi ba ya shiga ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shinge na gaba ba shi da bakin magana.

A wurin bincike mutum ɗaya ya yi magana, ya miƙa takardun kowa a jere. Jami'i kan sunkuya ya tambayi yaro da kansa: "Yaro, yaya sunanka? Wace ce wannan?" Ku koya musu tun a gida: cikakken sunansu, sunan baba da na inna na gaskiya, da cewa daga Maraɗi suke. Yaron da ya saba kiran uwarsa Anti, ko kakarsa Mama, a nan zai sa a tsayar da ku. Ku kuma rubuta lambar waya a ƴar takarda ku sa a aljihun kowane yaro, da lambar ƙasa 227 a gaba, tare da lambar mai masaukinku.

A mota ku tsaya duk bayan awa 2 a yi fitsari a miƙe ƙafa, kuma ba a barin yaro cikin mota a rufe ko na minti 5. A filin jirgi ku iso awa 3 kafin tashi. Lokacin tashi da sauka a ba jariri nono, manyan a ba su abin tsotsa, yana rage ciwon kunne. Lome, Abijan da Dakar suna bayanmu da awa 1, kuma lokacin tashi da ke kan tikiti na garin da jirgin zai tashi ne, na sauka kuma na garin da zai sauka.

8. Kwanakin can

Wuri ɗaya a yini, da safe. A dawo a ci abinci, a yi barcin rana, da yamma a ɗan zaga kusa. A Kano, Gidan Zoo yini ɗaya, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata wani yinin. Dutsen Dala sai ga waɗanda suka tasa, matakalarsa ba ta mai goyo ba ce. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau. Masu son ganin hawan salla su tambaya tukuna, domin a shekarun nan an sha dakatar da na Kano, kuma cunkosonsa da dawakai ba wurin ɗan shekara 3 ba ne sai an samu wuri a sama.

Abin da ya fi kashe hutun mutanen Maraɗi a Kano shi ne kasuwa. Alhaji zai ce bari ya leƙa Kantin Kwari minti 30, sai ga shi bayan isha'i da dila biyu, yara sun yini a ɗaki suna kallon bango. In akwai sayayya, a ware mata yini guda, yara su zauna gida da babba, kuma a san cewa wannan yinin ba ya cikin hutu.

Layin waya: rajistar sabon layi a Najeriya na tafiya da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta can, baƙo kan sha wuya. Ku roƙi mai masaukinku ya ara muku ɗaya, ko ku tambayi kamfanin layinku kuɗin amfani da shi a waje kafin ku tashi.

Ruwan gora ga yara, abinci mai zafi da aka sauke gabanku. Zawo ya fara, SRO nan take. Idan yaro ya ƙi shan komai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiki ya yi zafi, asibiti a ranar, a yi gwajin jini kafin a sha maganin zazzaɓi.

Hattara: masu zuwa Lome da Abijan, tekun can yana da ja mai ƙarfi, yana ɗauke manya ma da suka iya ruwa. Yaranmu iyakarsu tabki da gulbi. Su yi wasa a yashi can nesa da inda igiyar ruwa ke kaiwa, hannun ƙaramin cikin na babba.

9. Dawowa

Ku dawo da sauran kwana 2 ko 3 kafin aiki ko makaranta. Dokar fita ita ce ta dawowa: a tambayi hanya, a tashi da safe, a bi ƙofar hukuma, wanda aka buga wa hatimin shiga ya tabbatar an buga masa na fita. Tsarabar da ta yi kama da kayan sayarwa, kamar atamfa turmi 20, duwan za su nemi haƙƙinsu, ku riƙe rasit. Nairar da ta rage ku canza ta a iyaka ko kuma da zarar kun iso gida, sai in kuna da wata tafiyar kusa.

Cikin makonnin da ke biye, duk yaron da ya yi zazzaɓi ku kai shi CSI ku faɗa wa majo garin da kuka je da ranar da kuka dawo. Fasfo, katin rawaya da takardun haihuwa kuma su koma cikin jakarsu mai zip, a sa cikin akwatin ƙarfe inda gara da yoyon damina ba sa kaiwa. Fasfon yara ku rubuta ranar ƙarewarsa a jikin murfin jakar.